Kujerar Maman Auta

Litinin, 3 ga Maris

Yau Maman Auta ta kore ni daga kicin. Ba da wasa ba, da ludayi a hannu.

Me na yi? Gwangwanayen kayan miya na jera mata daga babba zuwa ƙarami. Sai na ce murfin tukunyar nan ba ya zama daidai, a masana'antarmu da ba zai fita ƙofa ba. Iyakar laifina ke nan fa. Ta ce, "Baban Auta, ni ba tukunya ba ce. Tun da ka ajiye aiki nake shan dubawa."

Shekara talatin da 'yan kai ina duba tukwane da kwanuka kafin su fita kasuwa. Mai tsaga, mai lanƙwasa, mai ɓantararren fenti, in ja masa layi biyu a gicciye da alli, a mayar da shi ciki. Kan haka aka biya ni, kan haka aka yabe ni. Yanzu an ce in zauna in huta, amma ba wanda ya gaya wa idona.

Talata, 4 ga Maris

Ta sauko da babbar jaka daga saman wardrob. Wai za ta je gidan Auta tsakiyar watan gobe, ta kwana biyu. Na ce yaushe za ki dawo, ta ce, "Sai na huta."

Tun da muka yi aure ba ta taɓa tafiya ba ta faɗi ranar dawowa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Auta ta kira. Da alama sun gama shirya maganarsu ita da uwarta. Wai akwai wani tsohon gareji a bayan asibitin unguwa, 'yan fansho suna haɗuwa Litinin da Alhamis suna aikin katako. Na ce ni ba yaro ba ne da za a nema wa makarantar raino.

Alhamis, 6 ga Maris

Na je. Don in ga shirme kawai.

Shirmen kuwa akwai. Rufin kwano, benci biyu dogaye, garin katako ko'ina, butar shayi a kan wani tsohon ƙarfen taya. Mai riƙe da makulli wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake kiranta, muryarta kaɗai ta isa ta sa mutum ya miƙa hannu a yi masa allura. Akwai Hedimasta, siriri mai tabarau, shi ne mai fenti. Wani ya taɓa ba su kyautar ƙaton gwangwanin shuɗin fenti, don haka duk abin da ya fito daga garejin nan shuɗi ne, har kejin kaji. Sai Direba, wanda ya yi rayuwarsa yana tuƙin bas, baki kamar rediyo. Ina shiga ya ce, "Ga sabon fasinja, a matsa masa!" Da ya ji aikin da na yi sai ya raɗa mini Sufeto, nan take kuma sunan ya bi ni.

Na ga wani teburi da suka gama, na sa yatsa a kusurwa, ya yi ƙas-ƙas, ƙafa ɗaya ba ta zauna daidai ba. Na haɗiye maganata. Alli yana aljihuna, ban san ma na taho da shi ba.

Shayinsu dai ba laifi.

Litinin, 10 ga Maris

Na koma. Ai ba wani abu nake yi a gida ba.

Yau na ji dokarsu, ban taɓa jin doka marar kai irinta ba. Ba wanda yake gama abin da ya fara! Kai ka yanka, wani ya haɗa, wani ya goge, wani ya shafa fenti. In ka gama naka ɓangaren sai ka ajiye a benci, wanda layi ya zo kansa ya ɗauka. In bai zo ba, aikin ya jira shi.

Na ce wa Nas wannan ai hanyar ɓata katako ce. Ta ce da suka buɗe wurin kowa kusurwarsa yake kamawa ya juya wa 'yan'uwa baya, har a tashi ba wanda ya san sunan wani. "Katako muna da shi da yawa, Sufeto. Mutane ne ba mu da su." Tun da ta kafa dokar, dole ka je ka tambayi ɗan'uwanka me yake nufi da wannan ramin da ya huda.

Na ce to. A raina na ce in gani a ƙasa.

Alhamis, 13 ga Maris

Direba ya ba da labarin ranar da wata fasinja ta mance agwagwa a ƙarƙashin kujera, ya yi yini guda yana zaton injin ne yake kuka. Na yi dariya har na ƙware da shayi. Hedimasta ya bubbuga mini baya, ya bar mini shuɗin hannu a riga.

Rabon da in yi dariya irin wannan har na manta.

Asabar, 15 ga Maris

Na tsaya a ƙofar kicin, ban shiga ba. Maman Auta tana yanka albasa a tsaye, tana sauya ƙafa, ta ɗaga wannan ta ajiye waccan. Gwiwar nan ce da ke mata ciwo. Kullum ina ganin murfin tukunya, ban taɓa lura da tsayuwarta ba.

Kujera doguwa take bukata, daidai tsayin kantar kicin, mai wurin ɗora ƙafa. Da ta fita shanya na auna kantar da sauri kamar ɓarawo.

Zan yi mata kafin ranar tafiyar. Ban ce kujera za ta hana ta tafiya ba. Amma dai.

Litinin, 17 ga Maris

Na yanka katakon. Mazauni, ƙafafu huɗu, sandunan tsakiya. Zarto ba sana'ata ba ce, amma awo nawa ne, na auna na sake aunawa har Direba ya ce in na gama in auna masa hawan jini.

Da aka tashi na naɗe kayana a buhu na tura bayan tarin katako. Niyyata in lallaɓa in haɗa abina ni kaɗai. Ina juyowa sai ga Nas tsaye, hannu a ƙugu. Na jawo buhun da kaina na ɗora a benci kamar yaron da aka kama da sukari.

Layin haɗawa kan Direba ya faɗa. Direba! Shi ne ya haɗa teburin nan mai ƙas-ƙas.

Alhamis, 20 ga Maris

Direba ya kafa ƙafa biyu. Duka sun karkace, ɗaya ta kalli gabas ɗaya ta kalli inda ta ga dama. Ƙusa guda ta lanƙwashe ya buga ta haka nan. Yana ta zuba labari yana aiki da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu, kamar mai jiran mota.

Da ya je zuba shayi, wallahi ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba. Layi biyu a gicciye a kan kowace ƙafa. Sabo turken wawa.

Ya dawo ya gani. Na ɗauka zai mayar da abin wasa yadda ya saba. Ya daɗe yana kallon allin, ya ajiye kofin bai sha ba, ya ce, "Sufeto ya yi gaskiya." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Gaskiya ai na faɗa. Ƙafafun a karkace suke.

Litinin, 24 ga Maris

Direba bai zo ba. Garejin shiru, sai ƙarar samfefa ana goge katako. Hedimasta ya gwada ba da labari, ya fara daga tarihin abin, kafin ya iso wurin dariyar kowa ya koma aikinsa.

Na ce wa Nas tunda bai zo ba bari in cire ƙafafun in sake kafawa. Ta ce kujera tana jiran mai layi.

A gida jakar ta fara cika. Na ga ta sa har takalmin da ba ta sawa sai za ta daɗe a wuri.

Alhamis, 27 ga Maris

Bai zo ba.

Na yi wa Nas ƙorafi, na ce mutum ya riƙa aiki da hannu ɗaya don ganin dama, in an yi magana ya yi fushi. Ta cire tabarau ta dube ni yadda ake duban majinyacin da ya ƙi shan magani. Ta ce, "Kai da aka ce kana ganin tsagar da ba ta kai gashi ba, sati biyu kana zaune kusa da mutum ba ka ga hannunsa ba?"

Ashe bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo har da ƙari, hannun hagu ne bai dawo ba. Shi ya raba shi da sitiyari. Ba ya son a sani, shi ya sa yake ɓoye shi a aljihu. Da gwiwa yake danne katako ya buga ƙusa.

Kunya ta rufe ni. Na zauna a bencin har aka tashi, ban taɓa komai ba.

Juma'a, 28 ga Maris

Maman Auta ta ce lafiya na yi shiru yau, ko gishirin ya yi daidai ne. Na ce ya yi. Ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Lahadi, 30 ga Maris

Na karɓi kwatancen gidan Direba a wurin Hedimasta. Kwatancen ya cika takarda, har da inda ba za a bi ba.

Na tarar da shi a ƙofar gida yana goge wani tsohon madubin bas da ya ajiye tun ranar da ya bar aiki. Ya ce, "Sufeto, dubawar har gida?" Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu. Ni ban iya ba da haƙuri ba, ban taɓa koya ba, a wurin aiki ba a ba tukunya haƙuri. Sai kawai na gaya masa gaskiya: kujerar ta matata ce, gwiwarta na ciwo, ta haɗa jaka za ta tafi gidan 'yarmu saboda halina, kujerar kuma ba za ta motsa ba sai ya dawo. Ban taɓa faɗa wa kowa zancen jakar ba sai shi.

Na ciro allin na miƙa masa. Na ce ga shi, ka riƙe, ni ya ishe ni.

Ya juya shi a hannu. Ya ce in miƙe tsaye. Ya zagaya ni a hankali yana ƙanƙance ido, ya ƙwanƙwasa mini kafaɗa ya kasa kunne, ya girgiza kai. Sai ya ja mini layi biyu a gicciye, manya, a gaban riga. "Wannan ba zai fita kasuwa ba. A mayar da shi gareji a gyara."

Muka yi ta dariya har matarsa ta leƙo ta ga ko lafiya.

Haka na taho gida da abina a ƙirji, ban kakkaɓe ba. Maman Auta ta gani ta ce, "Wa ya duba ka?" Na ce wani abokina. Ta yi dariya har ta dafa bango, tana cewa Allah ya yi wa wannan bawan albarka. Sai daga baya ta ce, "Abokinka?" kamar ta ji sabuwar kalma a bakina.

Litinin, 31 ga Maris

Ya dawo! Tun daga bakin titi muka ji shi yana cewa a matsa, a matsa, mota ta iso.

Ban ce masa komai kan hannu ba, shi ma bai ce ba. Da ya ɗauki guduma sai kawai na matso na riƙe ƙafar kujerar. Ya ce, "Yauwa, na samu kwandasta." Ni ke riƙewa, shi ke bugawa. Na ɗauka zai cire biyun farko, sai ya ɗan bubbuga su suka miƙe, ba duka ba. Na buɗe baki, na rufe. Ya lura, ya ce, "Haɗiye, Sufeto, ba ya kisa."

Sau ɗaya ya sami babban yatsana maimakon ƙusa. Ya rantse kuskure ne. Ban yarda ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ƙafafu huɗu sun tsaya, da wurin ɗora ƙafa. Nas ta karɓa za ta goge. Ta tambaye ni tsayin Maman Auta da wace gwiwa ce ke ciwo, sannan ta zagaye bakin mazaunin ta gaba don kada ya danne mata jijiya. Ni wannan ko a mafarki bai zo mini ba.

Ni kuma layi ya kawo mini akwatin takalma da Hedimasta ya fara. Na je na tambaye shi me yake nufi da ramin da ya huda a gefe. Ya ce shi ma ya manta. Muka yanke shawarar na shan iska ne.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na roƙi Hedimasta ya bar kujerar da launin katako. Ya ce zai duba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Shuɗiya.

Na ɗora ta a siminti na sa yatsa. Ƙas-ƙas. Ƙafar baya ta hagu ta gaza kaɗan, kaurin kwali bai fi ba. Duk suka zuba mini ido. Na ce ta yi kyau. Direba ya ce a rubuta ranar nan a bango.

Da ba sa kallo na yanki ɗan guntun katako siriri na jefa a aljihu. In na kai gida sai in manna a ƙarƙashin ƙafar, ba wanda zai sani.

Su uku suka rako ni har ƙofar gida, Direba a gaba yana yi wa mutane hon da baki.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na ajiye kujerar a kicin tun Maman Auta tana wanka. Na koma falo na buɗe jarida, ban karanta ko layi ɗaya ba.

Na ji ta shiga. Shiru. Sai ƙas. Sai ƙas-ƙas. Na ce shi ke nan, ta gano. Na leƙa, hannuna a kan guntun katakon. Tana zaune a kai, ƙafa a kan sanda, tana yanka albasa tana ɗan kaɗa kujerar gaba da baya, tana wata waƙa ƙasa-ƙasa da rabon da in ji ta tun Auta na goye.

Ta ce, "Kai ka yi?" Na ce ni na fara. Na lissafa mata wanda ya kafa ƙafa, wadda ta goge, wanda ya yi mana ta'adin shuɗi. Ta ce, "Kuma ka bar ta ta fito haka?" Na ce doka ce.

Ta daɗe tana kallona. Idonta ya kawo ruwa, ta ce albasa ce. Ni ban yanka albasa ba, don haka na koma falo.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Babbar jaka ta koma saman wardrob, ni na ɗora ta ma. Ƙaramar ta ɗauka. Za ta tafi Talata ta dawo Juma'a, da bakinta ta faɗi ranar, har sau biyu.

Ta ce, "Kada ka taɓa mini kujera. Na san ka. In na dawo na tarar ta daina motsi, ni da kai ne."

Litinin, 14 ga Afrilu

Na kai musu labari. Direba ya ce aikin hannunsa ne ya ceci aurena, don haka ina binsa godiya har abada. Na ce yatsana ma yana da kaso. Nas ta ce mu yi wa mutane shiru.

Iska tana ta rufe ƙofar garejin, Direba yana neman abin tokarewa. Na laluba aljihu na ba shi guntun katakon nan. Ya shiga daidai kamar don ita aka yanka.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Gidan shiru ba ita, amma gobe ne.

A gareji na fara yanka wa Direba wani abu mai kama katako a jikin benci, don ya daina dannewa da gwiwa. Na yi rabi na ajiye a benci. Layi kan Hedimasta ya faɗa, Allah kaɗai ya san abin da zai fito. Na taho ban ko waiwaya ba. To, sau ɗaya.

Da yamma na dafa shayi na zauna a kujerarta, tunda ba ta ce kada a zauna ba. Gwangwanin gishiri yana tsakanin manya, ba wurinsa ba ne. Na gan shi sarai.

Har yanzu ƙafar baya ta gaza, ban ce ba ta gaza ba. Sai da shayin ya huce na lura ashe tun ɗazu kaɗa ta nake yi.